Wayarsa Tana Cikin Akwati

Litinin, 27 ga Oktoba, bayan sallar asuba

Jiya aka mayar da agogon ƙasar nan baya da awa ɗaya, amma na bangon kicin ɗinmu bai samu labari ba. Baban Mufeeda ne yake hawa kujera ya gyara shi duk shekara, yana mita wai bai taɓa ganin mutanen da suka raina rana har suke yi mata gyara ba. Na bar shi yadda yake. In na duba sai in cire awa ɗaya a zuciyata.

Yau kwana hamsin da shida da shigata takaba. Masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa tun bayan sadakar arba'in, kuma ban ga laifinsu ba, kowa a Landan da abin da ya kawo shi. Saura ni da Mufeeda a wannan flat na Barking, sai Anti Damaris ta ƙasanmu, mutuniyar Kafanchan, wadda ba ta san ana ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ita ce ta ce in riƙa rubutu, wai a gidan tsofaffin da take aiki haka ake sa masu baƙin ciki su yi. Na ce mata ni ba tsohuwa ba ce. Ta ce to in duba madubi. Ga shi dai ina rubutun, a ragowar littafin makarantar Mufeeda na bara.

Gobe ranar jini ce.

Talata, 28 ga Oktoba, la'asar

Mun dawo daga asibiti. Jirgin ƙasa biyu da bas ɗaya kafin a kai Camberwell, haka muke yi duk sati huɗu tun Mufeeda tana da shekara huɗu, lokacin da likitoci suka ce sikilarta tana barazana ga jijiyoyin kanta, sai an riƙa canza mata jini. Yanzu shekararta bakwai da rabi, kuma tun da aka fara ba ta sake kwana a gadon asibiti ba. Malam ya ce fitar lalura da rana ta halatta ga mai takaba. Duk da haka na tafi kaina a ƙasa kamar wadda ta yi sata.

Ana cikin yi mata sai ga wata mata daga ofishin da ke duba takardun baƙi. Ba ta yi min rashin mutunci ba, har ta ja kujera ta zauna. Ta ce katin izininmu da ke rubuce a wurinsu tsoho ne, yanzu komai ya koma intanet, don haka in kawo musu share code, wato lambar da mutum yake cirowa don a ga izinin zamansa yana da rai. Ta ce muddin izinin yana nan, inshorar lafiyar da aka biya tare da biza ta rufe Mufeeda. In kuwa ya faɗi, ba wanda zai hana yarinya jini, amma daga ranar baƙuwa ce, ba mai haƙƙi ba. Ta ba ni wa'adi zuwa zuwanmu na gaba, ashirin da biyar ga Nuwamba.

Ta tambaye ni ko maigidan ne yake kula da takardun. Na ce e. Ta ce to in gaya masa. Na ce to.

Alhamis, 30 ga Oktoba, hantsi

Anti Damaris ta hawo da kwamfutarta muka gwada. Mun sa sunana, mun sa ranar haihuwata, sai shafin ya ce ya tura lambar sirri zuwa wayar da ta ƙare da 41. Muka gwada na Mufeeda, nan ma 41. Muka zaɓi a tura ta imel, imel ɗin na Baban Mufeeda ne, kamar wayar. Shekara takwas a ƙasar nan ban taɓa cike takarda ko ɗaya ba. Ya ce in bar masa ciwon kan, ni kuma na bar masa.

Anti ta ce ina wayar. Na nuna mata saman wardrob.

Bari in rubuta yadda aka yi. Yaya Abdul-Salam, yayansa uwa ɗaya uba ɗaya, ya zo daga Zariya don jana'iza. Shekara talatin ya yi yana magatakarda a kotun shari'a, kuma ya ce ba abin da bai gani ba a kan gado. Ya ga 'yan'uwa sun daina gaisawa saboda agogon hannu. Kafin ya koma ya kira mutum biyu daga masallaci, ya tattara kwamfutar ƙanin nasa, da jakar takardun, da agogon, da ledar da asibiti suka ba mu wadda ko ɗaurinta ba a kwance ba. Wayar tana cikin ledar. Ya zuba duka a baƙin akwati, ya sa kwado, ya jefa makullin a aljihu. Ya ce min: «Zinatu, wannan dukiyar marainiya ce, kuma amana ce a hannunki. Kada a taɓa sai na dawo an raba, bayan kin fita takaba.» Na ce na ɗauka.

Anti ta kalli kwadon. Ta ce wannan ai da cokali ma za ta buɗe shi. Na ce ba ƙarfin kwadon ake magana ba.

Juma'a, 31 ga Oktoba, azahar

Kwana sittin. Ban dafa komai ba, mun ci burodi.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, bayan azahar

Na kira Yaya. Na gaishe shi, na tambayi gida, na tambayi Hajiya, na tambayi ƙafarsa, na tambayi masara ko an gama girbi. Sai da kati ya kusa kunyata ni sannan na ce wai ana neman wata lamba, kuma wai tana cikin wayar. Haka na faɗa, «wata lamba», kamar wadda take neman lambar tela.

Ya ce in yi haƙuri, Janairu kamar gobe ne. Ya ce takardun Turawa ba sa ƙarewa, kuma ai in an gama takaba gida za mu dawo, ɗakina yana nan an share. Ya yi mana addu'a mai tsawo. Na yi ta amin.

Yayan miji uba ne, ba a ja-in-ja da shi. Da na ajiye wayar na ji wani sauƙi a ƙirjina, kuma ban ji daɗin jin sauƙin ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, hantsi

Na kira layin hukumar shige da fice in ji ko za a canza lambar zuwa tawa. Na jira, an ɗauka, an yi min magana a hankali. Za a iya, amma sai na ba da lambar fasfona, kuma zai ɗauki lokaci. Na tashi in ɗauko fasfon, har na kai ƙofar ɗaki sannan na tuna. Fasfo ukun duka suna cikin jakar takardunsa, jakar kuma tana cikin akwatin.

Na ce wa mutumin zan sake kira.

Laraba, 5 ga Nuwamba, magariba

Ƙarfe huɗu da rabi gari ya yi duhu. Yau ce ranar da suke harba wutar wasa sama, tun yamma ake ta tas-tas kamar ana soya gurguru. Bara Baban Mufeeda ne ya kai ta filin wasa, ya naɗe ta da riga uku saboda sanyi ba ya yi da jininta, ta dawo kamar buhun auduga. Yau ta tsaya a taga. Ba ta ce in kai ta ba. Da ta tambaya na hana da ya fi min sauƙi.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, la'asar

Anti Damaris ta kawo min lauya har gida. Sunanta Kaneng, 'yar Jos, cocinsu ɗaya, ofishinta yana Dagenham a saman shagon aski. Yarinya ce sharaf, amma in ta buɗe baki sai ka gyara zama. Ta yi min gaisuwa yadda ya kamata, ta cire takalmi, sannan ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in gaya mata komai.

Na gaya mata. Baban Mufeeda ya zo karatu, ya yi shekara huɗu, aka ba shi uku na neman aiki, bara wani kamfanin gine-gine ya ɗauke shi. Bizata da ta Mufeeda a jikin tasa suke rataye, tasa kuma a jikin aikin.

Ta ce to ga yadda abin yake tafiya. Dole kamfanin ya sanar da hukuma cewa ba ya aiki kuma. Daga nan akan rubuto wa iyali a yanke musu wa'adi, yawanci kwana sittin. Wasiƙar ba ta gidan waya take zuwa ba, imel ɗin da aka bayar take tafiya. Mai yiwuwa ba a turo ba tukuna. Mai yiwuwa an turo tun Satumba.

Ta ce amma akwai ƙofa. Mufeeda a nan aka haife ta, ta haura shekara bakwai, ga kuma batun lafiyarta. Za a iya nema mata zama, ni ma a nema min a matsayin uwarta. In takardar ta shiga kafin wa'adin ya cika, izininmu da inshorar suna nan daram har a yanke hukunci. In ta shiga bayan wa'adi ko da kwana ɗaya ne, wata magana ce daban, kuma ba ta so mu kai can.

Ta kalle ni ta ce: «Anti, ba na iya yin filing, wato shigar da takardar, ba fasfo, kuma ban san deadline ɗin ba, ranar da wa'adin zai cika. Duka biyun suna saman wardrob ɗinki.»

Na ce amana ce. Ta ce ta fahimta, su ma a wurinsu ba a taɓa kayan mamaci sai dangi sun zauna. Ta ce in sake kiran yayan nasa, in faɗa masa da baki ɗaya, ba da rabin baki ba. Na kalli Anti Damaris. Ta kalli silin.

Asabar, 8 ga Nuwamba, safe

Ban kira ba.

Litinin, 10 ga Nuwamba, la'asar

Mun yi faɗa da Anti Damaris, na farko tun da muka san juna.

Ta dawo daga aiki ko kayan ba ta cire ba, ta hawo da filaya a hannu. Ta ce ita ba ta ɗauki amanar kowa ba, in juya baya ta yi abin da za ta yi, zunubin a kanta. Na tare ƙofar ɗakin. Na ce mata mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba ta san addininmu ba, ba ta san mene ne dukiyar maraya ba. Wannan maganar ba ta dace da ita ba. Matar da ta kwana uku a falona tana dafa wa masu zaman makoki abinci, ta koyi inda ake juya tabarmar salla.

Ba ta yi fushi yadda na so ba. Ta ajiye filayar a kan tebur ta ce: «Maman Mufeeda, shekarata ashirin ina kallon masu rashi. Ba tsohon nan na Zariya kike tsoro ba. Akwatin kike tsoro.»

Na ce ta fita min daga gida. Ta fita. Da azahar na tarar da kwanon faten acca a bakin ƙofa.

Talata, 11 ga Nuwamba, azahar

Kwana saba'in da ɗaya. Filayar tana kan tebur, ina zagaye ta in zan wuce.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ashe yarinyar nan tana jin duk abin da ake faɗa. Hausa ba ta fita a bakinta, amma ba abin da yake wuce kunnenta.

Na ɗauko ta daga makaranta, muna tafe, ta ce wai da gaske za mu koma Zariya. Na ce sai abin da Allah Ya yi. Sai da muka wuce shagon 'yan Pakistan sannan ta ce: «Mami, do they have my blood there?» Tana tambaya ne ko akwai irin jininta a can, kamar mai tambayar ko akwai irin biskit ɗin da take so.

Na ce akwai jini ko'ina. Ban yi mata ƙarya ba, amma ban faɗa mata gaskiya ba. Ban gaya mata Nusrat ba, ƙanwata, wadda take da irin ciwonta. Ina aji uku a sakandare lokacin. Na tuna Baba yana bin layin unguwa gida-gida yana neman wanda jininsa zai dace, hularsa a hannu. An samu mutum biyu, sun zo da yamma. Nusrat ba ta jira yamma ba. Shekararta tara.

Likitocin can ba su da laifi, sun yi iyakar yinsu, kuma an ce yanzu abubuwa sun gyaru. Ni dai hular Baba nake gani.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, safe

Kaneng ta turo saƙo: in an rubuto wasiƙar a tsakiyar Satumba, to muna kan gaɓa. Ban amsa ba. Na wanke labule.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, bayan azahar

Na kira Yaya. Wannan karon na rubuta abin da zan faɗa a takarda, don kada gaisuwa ta cinye ni. Na gaishe shi sau ɗaya. Na ce Yaya ka yi min haƙuri, yau zan yi rashin kunya. Na faɗa masa komai: jinin, da sati huɗun, da wa'adin da ba mu san ranarsa ba, da fasfo, da abin da zai faru in ranar ta wuce. Na faɗa masa Nusrat. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe.

Da ya yi magana ban gane muryarsa ba.

«Zinatu, sati biyu da suka wuce kin ce min wata lamba. Me ya hana ki faɗa min haka?»



Ya ce shi ya kulle akwatin ne don kada a ci haƙƙin marainiya, ba don a kulle marainiyar a waje ba. Ya ce in fasa kwadon yau ɗin nan. Abu ɗaya ya roƙa, in kira shi ta bidiyo ya gani da idonsa, kuma a samu shaida ko mutum ɗaya. Na ce akwai maƙwabciyata, amma Kirista ce. Ya ce ita da ta dafa mana abinci kwana uku? Ya ce ta isa.

Shi ke nan, an ba ni izini. Na ce masa yau Anti tana wurin aiki, sai gobe. Anti tana ƙasa, ina jin rediyonta.

Litinin, 17 ga Nuwamba, magariba

Yaya ya kira sau biyu. Na ce kaina ke ciwo.

Talata, 18 ga Nuwamba, bayan sallar asuba

Kwana saba'in da takwas. Ba sauran wanda zan ɓuya a bayansa, don haka bari in rubuta.

Ranar Talata ce, biyu ga Satumba. Maganin Mufeeda na kullum ya kusa ƙarewa, na ce masa da safe ya biya kemis ya karɓo. Sau biyu a baya ya manta. Mutum ne mai mantuwa, makulli, laima, cajin waya, kullum wayarsa a mace. Biyar ta yi, shida ta yi, bai shigo ba, na kira ba ta shiga. Ga tuwo yana hucewa, ga yarinya tana rigima, raina ya ɓaci. Na rubuta masa saƙo. Na ce na san ya manta, kullum sai an bi shi da tuni kamar yaro. Na ce in bai karɓo ba kada ma ya dawo.

Lokacin da nake rubuta wannan yana kwance a dandamalin jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutane sun kewaye shi. Ban sani ba. Ƙarfe bakwai da kwata 'yan sanda biyu suka ƙwanƙwasa.

Saƙon yana nan a wayata da tik ɗaya, alamar bai isa ba. Kullum sai na buɗe na duba. Muddin wayarsa tana kashe, maganar tana hanya, ba ta same shi ba. Na san wannan ba hankali ba ne. Na san wanda yake kabari ba ya karanta saƙo. Amma ranar da Yaya ya sa kwadon nan, wallahi godiya na yi masa a zuciyata, kuma kwana saba'in ina kiran abin amana.

Shekara goma sha ɗaya da aure, ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba saboda kunya. Amma na iya ce masa kada ya dawo.

Na sa 'yata a bakin rami don kada in ji ƙarar waya. Allah Ka yafe min.

Laraba, 19 ga Nuwamba, la'asar

An buɗe.

Bayan na kai Mufeeda makaranta na sauka na ƙwanƙwasa wa Anti Damaris. Na fara ba ta haƙuri, ta ce in ajiye haƙurin in ɗauko kujera. Ita ta sauko da akwatin. Muka jingina wayata da kofin shayi, ga Yaya a zaure da tabarau da farar takarda. Ya yi bismilla. Kwadon bai ko yi gardama ba, matsa ɗaya ya buɗe.

Ƙamshinsa ne ya fara fitowa. Na zauna a ƙasa.

Jakar takardun ce a sama, fasfo uku da takardar haihuwar Mufeeda, kowanne a rigarsa ta leda, ya liƙa suna. Mai mantuwar nan. Sai ledar asibitin. Anti ta ce ko ita ta kwance, na ce a'a. Rigar sanyinsa ce a ciki, an yanka ta da almakashi ta gaba. Sai takalmi ƙafa biyu, da makullin gida, da wayar. A ƙasan duka akwai wata 'yar farar jakar takarda, an naɗe bakinta an danne da sitika.

Na san jakar kafin in juya ta. Sunan Mufeeda ne a jiki, da adireshinmu, da kwanan wata: biyu ga Satumba. Kwali biyu, ba a buɗe ba.

Ya karɓo.

Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Na dai ji Anti ta riƙe kafaɗata, tana cewa in yi kukan, ba kowa. Yaya ya tambaya mene ne wannan ɗin, ya rubuta. Anti ta ɗaga masa ta ce maganin yarinyar ne. Ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga. Ya ce: «Wannan ba gado ba ne. Saƙo ne. A ba mai shi.»

Muka sa wayar a caji. Minti biyar tana baƙa, sannan ta kawo haske. Lambar buɗewa ranar haihuwar Mufeeda ce, wannan kam na sani. Ta fara rawa a kan tebur, saƙonni suna ta shigowa, na wurin aiki, na 'yan masallaci masu tambayar ko gaskiya ne. Nawa ya shigo a cikinsu. Na gan shi a fuskar wayar, da sunan da ya sa min, Uwargida Sarautar Mata. Na duba tawa. Tik biyu.

Ban mutu ba. Na ɗauka wani abu zai faɗo, ba abin da ya faɗo.

Anti ce ta nemo wasiƙar a imel. An turo ta ashirin da biyu ga Satumba. Izininmu zai ƙare ranar Juma'a, ashirin da ɗaya ga Nuwamba.

Jibi.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, magariba

Tun tara na safe muna ofishin Kaneng, ƙarar injin aski tana tasowa daga ƙasa. Kaneng ta ɗage wa duk wanda zai gan ta yau zuwa wata rana. Ba ta ce min «da kin ji maganata» ba, ko da ido. Tambaya bayan tambaya, makarantar Mufeeda, likitanta, shekarun da muka yi a kowane gida. Asibiti suka turo wasiƙar likita kafin azahar, Allah Ya saka musu.

An zo wani gurbi, ta ce in faɗi cikakken sunan mijina da ranar da ya rasu. Anti ta buɗe baki za ta faɗa min, na ɗaga mata hannu. Na ce Lawal Abubakar. Na ce ya rasu ranar biyu ga Satumba. Wannan ne karo na farko da na faɗi ko ɗaya daga cikin biyun.

Uku da minti goma ta danna. Ta juyo da fuskar kwamfutar ta nuna min shaidar an karɓa. Ta ce kada in ɗauka an gama, hukunci zai iya kai watanni, kuma ba ta yi min alkawarin yadda zai fito ba. Amma daga yau har ranar, muna nan da izininmu, Mufeeda kuma tana da haƙƙinta. Ta ce in bar wayarsa a kunne, a jikina, har a mayar da komai kan lambata. Na gaya wa Yaya, ya ce ya rubuta: waya ɗaya, aro a hannun uwar marainiya.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, magariba

Yau ce ranar. Ta zo ta same mu a gida, ina tsefe wa Mufeeda kai.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, hantsi

Na hau kujera na gyara agogon kicin. Ashe ɗan abin juyawa ne a baya, ba wuya. Ƙura ce dai ta yi yawa.

Talata, 25 ga Nuwamba, azahar, a asibiti

Kwana tamanin da biyar. A kan gwiwata nake rubutu. Na ba matar ofishin lambar, da takardar Kaneng. Ta duba, ta ce komai ya yi daidai. Ta ce in gaida maigidan. Na ce mata ya rasu. Ta dafa hannuna, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Mufeeda tana kan gado, injin yana ta aikinsa, jini yana fita ta nan yana shiga ta can. Leɓenta ya fara yin ja. Da safe na ba ta ƙwaya daga cikin kwalin nan, na ce mata Abbanta ne ya karɓo mata. Ta juya kwalin tana karanta sunanta, ta ce kada in yar da shi in ya ƙare.

Ɗazu da ta lumshe ido na ciro wayata. Na buɗe wurin saƙon. Ban goge na farkon ba, na faɗa, ya kuma isa. A ƙarƙashinsa na rubuta: Na ga maganin. Sannu da hanya. Ka yafe min.

Jakata ta yi rawa a kan cinyata. Mufeeda ta buɗe ido ta ce wayar Abba ce, wa ya turo masa saƙo.

Na ce ni ce.